Rashin Aikin Yi a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa



A watan Maris na 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwa cewa a watanni ukun ƙarshe na 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu ƙarfin aiki a Nijeriya ba su da aikin yi, watau mutum ɗaya cikin kowane uku. A watan Agusta na 2023 sai hukumar nan dai ta sake fitowa ta ce adadin ya koma kashi 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Wanda ya karanta alƙaluman nan biyu a jere, bai san abin da ya gudana a tsakaninsu ba, sai ya zaci wani arziki ne ya sauko wa ƙasar dare ɗaya. Alhali kuwa duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a waɗannan shekaru, ya ratsa Ɗambatta ya sauka a Kazaure, bai ga alamar haka ba. Mudun awo aka sauya, hatsin kuwa yana nan yadda yake.

Wannan lacca za ta duba yadda rashin aiki ya yi ta sauya kama a ƙananan hukumomi huɗu na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, da dalilin da ya sa alƙaluman da ake bugawa ba su cika kama shi ba. Maganar ta shafi ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi bisa waɗannan alƙaluma, ta kuma shafi ɗalibin da zai fita da takardarsa baɗi ya shiga cikin waɗanda ake ƙirgawa.

Ƙasar da mutanenta

Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819 a tsakanin Kano da Katsina da Daura. Babura kuwa tana cikin masarautar Ringim, tana kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006, wadda har yanzu ba a yi wata bayanta ba, ta ba Babura mutum sama da 200,000, Kazaure kimanin 160,000, Gwiwa sama da 120,000, Roni kuwa ƙasa da 80,000. Jimlarsu ta haura rabin miliyan. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna mace ɗaya a Jigawa takan haifi 'ya'ya wajen bakwai a tsawon rayuwarta. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari kowace shekara takan ninka cikin shekara 23 ko 24. Ke nan yaran da aka ƙirga a goye a 2006 su ne samarin da ke neman abin yi a yau, ƙannensu kuma sun fi su yawa.

Akwai wani abu game da shimfiɗar wurin da ya kamata a riƙe tun yanzu. Da aka yanke Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kai hedkwata Dutse. Mutumin Kazaure da zai je Dutse, hanyarsa mafi sauƙi ta cikin Kano take bi. Kano tana da nisan kilomita 80 ko kusa da haka daga Kazaure, tafiyar da ake yi a dawo a yini ɗaya. Saboda haka a takarda waɗannan garuruwa na Dutse ne, amma a wajen neman abinci na Kano ne. In kasuwar Kwari ta yi sanyi, a Roni ake jin ɗarin.

Mudun awo

Kafin a kira mutum marar aiki a ilmin ƙididdiga sai ya cika sharaɗi uku: bai yi aikin samun kuɗi ba a kwanakin da ake tambaya a kansu, a shirye yake ya kama aiki in an ba shi, kuma ya fita ya nema. Rigimar duk tana kan sharaɗin farko, watau aikin awa nawa ne ya isa a kira shi aiki. Kafin 2015 hukuma tana ɗaukar duk wanda bai cika awa 40 a mako ba a matsayin marar aiki. Da aka rage ma'aunin zuwa awa 20, adadin ya faɗo zuwa kashi 6.4 a ƙarshen 2014, sa'an nan ya yi ta hawa: kashi 23.1 a 2018, kashi 27.1 a tsakiyar 2020, har ya kai 33.3 ɗin nan. A 2023 aka koma ga ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai ya wadatar, muddin don kuɗi ko riba aka yi shi.

Alal misali a ɗauki wani magidanci a ƙasar Gwiwa a watan Maris. Ya girbe geronsa tun Oktoba, ya zuba a rumbu. A wannan mako ya tufka igiya, ya kai kasuwa, ya yi awa uku a rumfa ya sayar da ita kuɗin da bai kai na mudun gero biyu ba. A tsohon ma'auni marar aiki ne. A sabon ma'auni mai aiki ne, sahunsa ɗaya da babban sakatare a Dutse. Maƙwabcinsa kuwa, da bai tufka kome ba, bai kuma je neman aiki ba domin babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ƙauyen, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki. An fitar da shi daga lissafin ɗungurungum, tamkar tsoho ko ɗan makaranta.

Ba wai masu ƙididdiga sun yi ƙarya ba ne. Asalin wannan ma'auni daga ƙasashen masana'antu ya fito, inda ma'aikaci ko dai yana cikin littafin albashi ko an sallame shi, in an sallame shi kuma hukuma ta ba shi ɗan abin da zai ci kafin ya sami wani. Ingila ta fara irin wannan inshora tun 1911. A wuri irin wannan mutum yana iya zama wata shida yana neman aiki bai kwana da yunwa ba. Talakan Babura ba shi da wannan gata. In bai fita ya yi dako ko ya tura kurar ruwa ba, ba a ɗora tukunya a gidansa ran nan. Shi ya sa rahotannin sabon ma'auni suke nuna rashin aiki ya fi yawa a birni a kan ƙauye, ya kuma fi yawa ga wanda ya wuce sakandare a kan wanda bai taɓa shiga aji ba. Zaman jiran aiki sai mai wanda zai ciyar da shi.

Akwai alƙaluma biyu da suka fi kusa da gaskiyar wannan yanki. Na farko, rahoton ƙarshen 2020 ya sa Jigawa cikin jihohi ukun da suka fi yawan masu guntun aiki, watau masu yin awa 20 zuwa 39 a mako, da sama da kashi 40 cikin ɗari. Na biyu, binciken talauci da hukumar ta fitar a 2020, na shekarar 2018 zuwa 2019, ya sami kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa a ƙasan layin talauci na Naira 137,430 a shekara, yayin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 40. Jihar da kusan kowa ke aiki, kuma kusan tara cikin goma ke cikin talauci, matsalarta ita ce aikin da ba ya ciyar da mai shi. Har ila yau, waɗannan duk alƙaluman jiha ne. Binciken an tsara shi ne don ƙasa da jihohi, ba ya sauka zuwa ƙaramar hukuma, don haka an gwama mai noman shinkafa a fadamar Haɗejia da mai noman gero a jigawar Babura an raba musu lamba ɗaya.

Rani

Tushen al'amarin a sama yake. Ruwa yakan sauka sosai a wannan yanki daga Yuni zuwa Satumba. Cikin waɗannan watanni ake shuka, a yi noman firi, a yi maimai, a kai ga girbin gero. Dawa da wake da gyaɗa da riɗi su biyo baya zuwa Nuwamba. A tsakiyar damina ba a maganar rashin aiki. Hannu ne ma ke ƙaranci, kuɗin ƙwadago ya tashi, mai gona ya bi 'yan jinga har gida. Binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a ƙauyukan Zariya cikin shekarun 1960 da 1970, ya tabbatar da abin da kowane manomi ya sani: aikin gona a 'yan makonnin noma yake cunkushe, sauran shekara kuwa sai kame-kame. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta ƙara da wani abu mai ɗaci. Mafi talauci cikin manoma, da yake rumbunsa ya ƙare kafin ruwa ya sauka, yakan bar gonarsa ciyawa ta cinye ya tafi ƙwadago a ta wani don ya sami na tuwon dare. Amfaninsa ya ragu, baɗi kuma ya fara ƙwadagon tun da wuri. Duk ƙididdiga za ta rubuta shi a mai cikakken aiki.

Daga Disamba zuwa Mayu, wata shida cur, ƙasa ba ta neman kowa sai mai lambu. Mutanen da sun san da wannan giɓi, sun kuma yi masa tanadi. Manomi ɗaya shi ne masaƙi da rani, ko marini, ko majemi, ko baduku, ko maƙeri, ko magini, ko falke mai jakuna. Mata a cikin gida suna kaɗi, suna matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, suna daddawa da fura, yara suna kai musu talla. Yawancin waɗannan sana'o'i kayan kanti sun ci kasuwarsu. Atamfa da shadda sun tashi masaƙa, bokitin roba ya kori tulu, takalmin roba ya kori na baduku, mota ta sallami jaki daga dogon fatauci, bulo da kwano sun rage wa mai yaɓe da mai baibaya ciniki. Ba a taɓa rubuta ko ɗayansu a littafin waɗanda aka sallama daga aiki ba, domin ba kamfani aka rufe ba. A hankali sana'ar ta mutu a hannun dattijo, ɗansa bai koya ba.

Abin da ya rage shi ne cin rani. Tsohuwar al'ada ce: a rufe rumbu, maza su tafi su ci abincin wani gari, su bar na gida ga mata da yara da tsofaffi, su komo da saukar ruwan fari. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya tattara ƙidayar masu fita daga Lardin Sakkwato da ranin 1952 zuwa 1953, aka sami sama da mutum 250,000. Wannan tun kafin 'yancin kai ke nan, lokacin da ake tafiya a ƙasa. Ga mutanen Kazaure da Babura, Kano ce mafakar farko: dako a Kwari da Singa da Dawanau, ga-ruwa a unguwanni, lebura a wurin gini, yankan farce, wankin takalmi, gadi. Daga nan wasu su zarce Kaduna, Abuja, Fatakwal da Ikko.

Abu biyu sun sauya a cin rani, kuma nan ne za a ga inda rashin aiki ya nufa. Na ɗaya, tafiyar ta yi tsawo. Gonar da kaka ya noma shi da 'ya'yansa a gandu ɗaya an raba ta gado sau biyu ko uku, abin da ya faɗo wa jika bai isa ya riƙe shi ko da damina ba. Sai ya aiko da kuɗin taki a noma masa, ko ya zo ya yi sati uku ya koma. Ɗan cin rani ya zama ɗan birni marar gida. Na biyu, sana'ar da ta fi ɗaukar matasa, watau acaɓa, tana hannun hukumomin da ba ruwansu da Jigawa. Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A ƙarshen Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 da babura 48 da suka taso daga Jigawa, aka tsare su, aka bincike su, daga baya aka sake su ba a same su da laifi ba. A watan Yuni na 2022 Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida. Duk sa'ad da aka rufe irin wannan ƙofa, ko aka kulle gari kamar yadda aka yi wa Kano lokacin annobar korona a 2020, motoci kan juyo cike da samari su sauke su a tashar Kazaure. A Legas aka rasa aikin, a Gwiwa ake zaman kashe wandon, kuma babu littafin da ya haɗa biyun.

Daga gyaɗa zuwa albashi

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗin wannan yanki. Da ita ake biyan haraji, a yi aure, a sayi jaki. Bayan manomi kuma tana ciyar da mai ɓara, da mai awo, da ɗan baranda, da mai ɗinkin buhu, da leburan da ke jera dala a Kano, watau tana miƙa aikin damina har cikin rani. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya ta, cutar da ta afka mata a 1975 ta ƙarasa. Da ba don kuɗin man fetur ya zo daidai wannan lokaci ba, da an ga abin da ba a taɓa gani ba. Gwamnatin Audu Baƙo ta yi ta gina madatsun ruwa da hanyoyi a tsohuwar Jihar Kano, ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a kasuwa a 1975, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci malamai fiye da waɗanda ake da su, gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara ya maye gurbin En'e da sababbin ofisoshi, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma suna ɗaukar leburori. A shekarun nan wanda ya gama kwalejin horon malamai ba ya neman aiki. Aiki ne ke jiransa a ƙofar makaranta.

Wannan zamani bai wuce shekara goma ba, amma ya bar wa mutane wata fahimta da har yau ba ta gushe ba, cewa ma'anar aiki ita ce albashin hukuma. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata a 1984. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar Naira ta zube, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masana'antun Kano da ke sayo kayan gyara daga waje suka fara rage ma'aikata. Ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadin waje suka rufe da yawansu a shekarun da suka biyo. Kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NDE, a wannan lokaci shaida ce cewa ita kanta gwamnati ta yarda ba ta iya ɗaukar kowa kuma.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa da ƙarin ƙananan hukumomi ya buɗe gurabe, gaskiya ne, amma gurbin hukuma sau ɗaya ake cika shi, mai shi ya zauna shekara 35 ko ya kai shekara 60 da haihuwa. Sakatariyar Roni ba ta ninkuwa don jama'ar Roni sun ninku.

Masu takarda

Kazaure gari ne na makarantu fiye da girmansa. Kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa bayan samun jiha, aka sa mata sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan garin, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta. A 2021 aka amince da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, mahaifar gwamnan jihar na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar. Waɗannan makarantu su kansu manyan masu ɗaukar ma'aikata ne, kuma mai gidan haya da mai abinci da mai buga takardu da mai keke-napep duk suna ci daga ɗalibai. In an tafi hutu ko yajin aiki, kasuwar gari takan nuna.

Amma makaranta tana yaye ɗalibai kowace shekara, garin kuwa ba shi da masana'antar da za ta ɗauki injiniyan lantarki ko masanin kwamfuta da yawa. Hazikin ciki Kano da Abuja su janye shi, saura su koma gida da difloma. Nan ne aka sami sabon nau'in marar aiki, wanda shi kaɗai ne ya cika sharuɗɗa ukun nan na ƙididdiga: ba ya aiki, yana so, yana nema. Uban da ya sayar da sa ya biya kuɗin makaranta ba ya son ganinsa da fartanya, shi ma yana jin nauyin a gan shi yana dako. Kada a yi saurin zarginsa da girman kai. Lissafi yake yi, kuma masana tattalin arziki Harris da Todaro sun bayyana irin lissafin tun 1970: in albashi ya ninka abin da gona ke bayarwa, kuma yana zuwa wata goma sha biyu har da fansho, to jiran shekara uku a layi ba wauta ba ne, ko da mutum ɗaya cikin biyar ne zai samu. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne ya kamata ya dami mai tsara manufa: duk gurbi ɗaya da aka tallata yana iya jawo mutum da yawa su bar abin da suke yi su shiga layi.

Shirye-shiryen wucin gadi sun rage zafi. N-Power, da aka fara a 2016, ya riƙa biyan masu digiri da takardar malanta Naira 30,000 a wata; jiha kuma ta fito da nata, irin su J-Teach na malaman makaranta. Sai dai mai cin irin wannan shiri a ƙididdiga mai aiki ne, a wurin surukai kuwa har yanzu jira yake. Su kuwa 'yan mata da suka gama sakandare suka yi aure, suna ɗinki ko sayar da kaya ta waya daga cikin gida, sau da yawa in mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida, amsar da yake samu ita ce ba ta aikin kome.

Ruwa, iyaka da dogo

Tun da giɓin na wata shida ne, duk maganin da bai taɓa rani ba ya bar ciwon a inda yake. Ta wannan fuska Kazaure ta fi maƙwabtanta sa'a: tana da madatsar ruwa a gefen gari, ga kuma kogin Gari da aikin ban ruwansa da ya haɗa Kano da Jigawa. Kadada ɗaya ta tumatir ko albasa ko barkono tana cin hannu ninkin-ba-ninkin ta gero, daga reno da dashe zuwa ban ruwa da tsinka da saƙar kwando da lodi, kuma a daidai watannin da ba a da abin yi. Amma lambu ba wurin da babu asara ba ne. Kowa yakan tsinka a lokaci ɗaya, kwando ya faɗi warwas a Fabrairu da Maris, har a shanya tumatir a bakin titi. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna. Kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, da aka buɗe a shekarar, ya tsaya don rashin abin niƙawa. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ninka kuɗin tayar da injin ban ruwa fiye da sau biyu. Mai ƙaramin lambu da ke cin bashin mai da taki ya biya da kaka, shi ne farkon wanda ke ajiye tiyo. Gwiwa da Roni da arewacin Babura, inda rijiya ke da zurfi ko ƙasa ke da dutse, nasu rabon a kiwo yake da sarrafa riɗi da zoɓo da gyaɗa kafin su bar ƙauye, maimakon a kai su Dawanau ɗanye a biya wasu kuɗin tankaɗe da shara.

Babura tana da wata ƙofa, ita ce iyaka. Dabbobi da wake suna shigowa daga ƙasar Damagaram, hatsi da kayan kanti suna fita, direba da ɗan kamasho da mai canji da mai shayi suna ci. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai. A Abuja aka yanke shawarar duka biyun. Haka nan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 ko kusa da haka, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura aka zana shi. Aikin shimfiɗa dogo na 'yan shekaru ne. Abin da zai daɗe shi ne ko akwai kayan da za a loda a tashar Kazaure, ko kuwa jirgin zai rage wa samari kuɗin motar zuwa Kano ne kawai.

Saura maganar ƙirga. A zamanin En'e, kowace shekara mai unguwa da dagaci da malamin haraji sukan bi gida-gida su rubuta kowane baligi da sana'arsa da dabbobinsa. Don karɓar kuɗi ake yi, talaka kuma ya sha wuya a kansa, shi ya sa aka yi murna da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Kazaure da Babura suna Jihar Kano. Sai dai da haraji ya tafi, littafin ma ya bi shi, ba a maye gurbinsa da wani ba. Masu unguwanni suna nan, ma'aikatan gona da na raya karkara suna nan a kowace sakatariya, ɗaliban ƙididdiga da na kwamfuta kuma suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Ba a bukatar kuɗi mai yawa a zaɓi 'yan ƙauyuka a kowace gunduma a tambayi kowane gida: maza nawa ne suka tafi, ina suka tafi, tun yaushe, waɗanda ke nan kwana nawa suka yi aiki a watan jiya, nawa suka samu, matan gidan wace sana'a suke yi, kuma mace ce za ta shiga ta tambaye su. A yi zagaye ɗaya a watan Agusta, lokacin da kowa ke gona, a sake komawa gidajen nan dai a watan Maris.